RA'AYINMU: MUTUMIN DA YA ƘI WASA RAN LAHADI

Ba mamaki wasu daga cikin masu karatunmu su ɗaga gira in sun ga mun ba da wannan shafi kacokan ga ƙwallon zari-ruga, watau rugbi, wasan da yawancinmu ba mu taɓa yi ba, sai dai mu hange shi a talabijin mu ce ga wasu ƙarti can suna dambe a kan ƙwallo mai kama da gwanda. Ga matsalar ruwa a ɗakunan kwana, ga tsadar littattafai, ga jarrabawa ta ƙarato, me ya kai Edita wata tsibiri a ƙarshen duniya? Muna roƙon a yi mana haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Akwai wata tambaya da ke jiran kowane ɗayanmu a bakin ƙofar ofis ran da ya kama aiki, kuma ba mu san inda aka yi ta a fili, a gaban dubban 'yan kallo, kamar yadda aka yi ta a rayuwar wani ɗan wasan Niyu Zilan mai suna Michael Jones ba.

Sai mu fara da wasan kansa a taƙaice. Mutum 15 ne a kowane gefe, ana yin minti 80. Takwas daga cikinsu su ne majiya ƙarfi masu turereniya, bakwai kuma masu gudu. Abin da ake nema shi ne a kai ƙwallo bayan layin abokan karawa a dire ta ƙasa. An yarda ka rungumi mai riƙe da ƙwallo ka kā da shi, an yarda ka buga ta gaba da ƙafa, amma akwai doka guda wadda ita ce ran wasan: ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo da hannu zuwa gaba, sai gefe ko baya. Ke nan mai son ci gaba dole ya waiwaya ya nemi ɗan'uwansa da ke biye da shi. Wanda ya yi langa yana yaro, ya san yadda ake tare wa ruwa hanya ana shan faɗuwa dominsa, ba zai sha wuyar gane wannan ba.

An haifi Michael Jones a birnin Auckland a 1965, mahaifiyarsa 'yar asalin tsibiran Samowa ce, ya kuma tashi a gidan Kirista masu riƙo da addini. Ɗalibi ne kamarmu lokacin da sunansa ya fara fita, kuma bai bar karatu don wasa ba, har sai da ya tara digiri uku a Jami'ar Auckland, ɗaya daga ciki a fannin tsara birane. Ya yi wa Samowa wasa sau ɗaya a 1986, sannan aka ɗauke shi cikin All Blacks, ƙungiyar ƙasar Niyu Zilan, a 1987, shekarar da aka fara gasar cin kofin duniya na rugbi. A wasan buɗe gasar, inda suka lallasa Italiya da ci 70 da 6, shi ne ɗan wasa na farko da ya dire ƙwallo da hannunsa a tarihin wannan gasa. A wasan ƙarshe ma ya sake direwa, suka doke Faransa 29 da 9 suka ɗauki kofi. Masana wasan har yau suna sa shi cikin gwanayen da ba a cika samun irinsu ba.

To, amma tsakanin waɗannan wasanni biyu akwai na kusa da ƙarshe, da aka yi da Wales a Brisbane, kuma Jones bai shiga ba. Lafiyarsa ƙalau, ba a kuma kore shi ba. Ranar ce ta faɗo Lahadi, shi kuwa tun kafin a zaɓe shi ya shaida wa shugabannin ƙungiya cewa ba ya wasa ran Lahadi, domin a wurinsa rana ce ta ibada da iyali. A wannan karo abin bai dami kowa ba, don an ci Wales 49 da 6, har jaridu suka yi ta yabon yaro mai tarbiyya. Yabon mai aƙida ba shi da wuya muddin aƙidarsa ba ta taɓa aljihun kowa ba.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A gasar 1991, bayan ya warke daga mummunan raunin da ya ji a gwiwa a wasansu da Ajantina a 1989, shi ne ya sake dire ƙwallon farko na gasar, a filin Twickenham, suka ci Ingila 18 da 12. Daga nan jadawali ya juya masa baya. Wasansu da Italiya Lahadi, na Kanada Lahadi, sannan babban wasan kusa da ƙarshe da Ostireliya a Dublin, ran 27 ga Oktoba, shi ma Lahadi. Jones ya zauna a waje yana kallo, aka ci ƙasarsa 16 da 6, kofin da suke riƙe da shi ya suɓuce. Da 1995 ta zo, mai horar da su, Laurie Mains, ya duba jadawali ya ga manyan wasanni biyu za su faɗo Lahadi, sai ya bar shi a gida ɗungum. Haka aka yi gasar Afirka ta Kudu, wadda Mandela ya miƙa kofinta, ba tare da shi ba. Ya ƙare da wasa 55 a rigar ƙasarsa a 1998, kuma ba mai shakkar cewa da ya sassauta da sun fi haka nesa.

Mu a nan ba mu da niyyar yi masa kirari kawai mu wuce, domin masu sukarsa suna da hujja, kuma hujjar ba ta wasa ba ce. Suna cewa: rugbi wasan taro ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum 14 sun bar aikinsu da iyalinsu, sun sha duka wata da watanni, ranar da suka fi bukatarka sai ka ce lamirinka ya hana ka? Ladan naka ne kai kaɗai, asarar kuwa ta kowa da kowa ce. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa da Jones ya shiga fili a Dublin da an ci Ostireliya, don ranar David Campese ya yi abin da ba a iya tarewa. Amma ba wanda zai iya rantsuwa da akasin haka. Wanda duk ya ce aƙida ba ta cutar da kowa bai taɓa zama a ɗakin canja kaya bayan an sha kaye ba.

Abin da ya wanke Jones a ganinmu abu biyu ne, kuma su ne muke so ɗalibai su lura da su. Na farko, bai ɓoye ba. Bai jira sai ranar wanka ya fito da cibi ba. Tun farko ya faɗi sharaɗinsa, waɗanda suka zaɓe shi sun zaɓe shi ne da saninsu, saboda haka ba za a ce ya ci amana ba. Na biyu, bai nemi a ɗauke masa kuɗin abin da ya saya ba. Bai ce a sauya ranar gasar duniya dominsa ba, bai zagi abokansa da suka yi wasa ran Lahadi ba, alhali cikinsu akwai masu zuwa coci kamarsa, da aka ajiye shi a 1995 kuma ya karɓa, ya dawo a 1996 ya taimaka suka yi nasara a jerin wasanni a ƙasar Afirka ta Kudu, abin da Niyu Zilan ba ta taɓa yi ba kafin nan. Mun san mutane da yawa masu aƙida a baki waɗanda suke so a yabe su don sun ƙi, a kuma ba su ladan waɗanda suka yarda.

Akwai wata tambaya da aka sha yi game da shi: yaya mutumin da ke wa'azin tawali'u zai zama wanda kowa ke tsoron ya rungume shi a fili? Wannan tambaya ta girme shi da fiye da shekara 100. Wasan ya samo sunansa ne daga makarantar garin Rugby a Ingila. Labarin da ake bayarwa na wani yaro William Webb Ellis da ya sunkuci ƙwallo ya ruga a 1823 ba shi da wata shaida mai ƙarfi, ko da yake sunansa aka sa wa kofin duniya. Abin da ke tabbas shi ne, a makarantu irin wannan ne aka raya ra'ayin cewa jiki amana ne, horar da shi ibada ce, kuma yaron da ya koyi shan duka ba tare da ramuwa ba, ya koyi bin hukuncin alƙali ko da ya san an zalunce shi, ya koyi wani abu na addini wanda allo kaɗai ba zai koya masa ba. Littafin Thomas Hughes na 1857 a kan rayuwar yaran wannan makaranta ya yaɗa ra'ayin ƙwarai. Ba kuwa baƙon ra'ayi ba ne ga mai ilmi a cikinmu, don Imam Gazali a cikin Ihya ya yi nasiha a bar yaro ya yi wasa bayan karatu, saboda hana shi yana dushe masa zuciya da basira.

Masu falsafa na baya-bayan nan sun ƙara wani abu. Johan Huizinga, ɗan ƙasar Holan, ya rubuta a 1938 cewa wasa ya riga al'ada zuwa duniya, kuma da zarar ya zama tilas ya tashi daga wasa. Bernard Suits kuma a 1978 ya bayyana wasa da cewa mutum ne ke ɗora wa kansa wahalar da ba dole ba, da yardar ransa, don kawai ya ga ko zai iya. Dubi dokar nan ta hana jefa ƙwallo gaba. Ba abin da ya fi sauƙi kamar a jefa ta gaba, amma ran da aka yarda da haka rugbi ya mutu. In haka ne, ɗan wasan da ya ƙara wa kansa doka guda, ya ce ban da Lahadi, bai fita daga hikimar wasa ba. Ya dai nuna cewa akwai dokar da yake bi wadda ta fi ta alƙalin fili, kuma wasan, duk da son da yake yi masa, yana da iyakar da ba ya ƙetarewa a cikin rayuwarsa.

Wani zai ce duk wannan ya yiwu ne don a zamanin ba a biyan 'yan rugbi. Akwai gaskiya a ciki. Har zuwa watan Agusta 1995, lokacin da hukumar wasan ta duniya ta zauna a Paris ta buɗe ƙofar biya, doka ta haramta wa ɗan rugbi karɓar ko kwabo. Cikin All Blacks akwai manoma, da malaman makaranta, da likita. Wanda ba ka biya ba, ba ka da bakin tilasta masa. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Amma kada mu ruɗi kanmu da kyan wannan zamani, don tarihinsa ba shi da tsabta. A 1895 ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle. Laifinsu shi ne sun nemi a riƙa maida wa ma'aikatan ma'adinai da na masaƙa kuɗin yinin da suka rasa in sun je wasa ran Asabar, abin da daga baya suka ƙayyade bai wuce sule 6 ba. Attajiran kudu, waɗanda rashin yini guda bai hana tukunyarsu tafasa ba, suka ce wannan zai ɓata tsarkin wasa. Daga nan aka sami rugbi iri biyu, kuma shekara 100 cur duk wanda ya taɓa wasa da 'yan ɓallewa sai a haramta masa na asali. A ɓoye kuwa, sanannen abu ne cewa wasu manyan ƙungiyoyi suna cusa wa 'yan wasa kuɗi a cikin takalmi. Ashe dokar “wasa don sha'awa” a hannun masu ita katanga ce ta hana talaka shiga. Mun faɗi wannan ne don mu ma muna da masu koshi da ke yi wa mayunwaci wa'azin ƙana'a, kuma ɗalibin da bai iya bambanta aƙida da gata ba, zai yi ta tafa wa waɗanda suka rufe masa ƙofa.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A 1976, makonni kaɗan bayan kisan 'yan makaranta a Soweto, All Blacks suka tafi wasa Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata, da hujjar cewa ba a haɗa wasa da siyasa. Majalisar wasanni ta Afirka, wadda ɗan Nijeriya Abraham Ordia ke shugabanta, ta nemi a hana Niyu Zilan shiga wasannin Olamfik na Montreal. Da aka ƙi, ƙasashe fiye da 20, har da Nijeriya, suka janye, 'yan wasanmu da suka riga suka isa Kanada suka tattara kaya suka dawo. A 1978 Nijeriya ta sake ƙaurace wa wasannin Commonwealth na Edmonton a kan wannan batu. Muna ganin matakin daidai ne, amma mu tuna cewa gwamnati ce ta ƙi, matasan da suka shekara huɗu suna shiri kuma su suka biya, ba tare da an tambaye su ba. Shi ya sa abin da Graham Mourie ya yi a 1981 ya fi ba mu sha'awa. Manomi ne, kuma shi ne kyaftin na All Blacks, da 'yan Afirka ta Kudu suka zo ƙasarsa wasa sai ya ce shi kam ba zai shiga ba. Ba wanda ya umarce shi, yawancin masu son wasan a garuruwan manoma irin nasa ma ba su ji daɗi ba. Jones ya ƙi ne saboda abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa, Mourie kuwa saboda mutanen da bai taɓa zama da su ba. Ba mu ga dalilin fifita ɗaya a kan ɗaya ba, amma na biyun ya fi ƙaranci a cikin masu addini, kuma wannan abin kunya ne.

Shin kuɗi ya kashe irin wannan hali? Bai kashe ba, ya dai sauya masa kama. Euan Murray na Sikotland, wanda albashi yake ci, ya ƙi wasa ran Lahadi har a gasar duniya ta 2011. Sonny Bill Williams, wanda ya musulunta ya kuma ci kofin duniya sau biyu da All Blacks, ya rufe tambarin wani banki da ke jikin rigarsa a 2017 saboda batun riba, kuma aka ƙyale shi domin akwai sharaɗi a takardar kwantiraginsa da ya ba shi damar haka. Watau abin da Jones ya yi da baki, yanzu sai da lauya da sa hannu. Sai dai a lura, waɗannan taurari ne da ba a iya yi sai da su. Ƙaramin ɗan wasan da ke neman a sabunta masa kwantiragi ba shi da wannan ƙarfi, kamar yadda sabon ma'aikaci mai mataki na takwas ba shi da ƙarfin babban sakatare.

Ga shi mun iso kanmu. Yawancin masu karanta wannan mujalla, nan da shekara ɗaya ko biyu, bayan bautar ƙasa, za su zauna a bayan tebur. Wata rana maigida zai turo fayil da bauca ta aikin da ba a yi ba, ya ce a sa hannu. Za a gaya maka abin da aka gaya wa Jones: kada ka ba ƙungiya kunya, kowa yana yi, in ka ƙi za a hana abokan aikinka rabonsu. Bambancin shi ne ba 'yan kallo, ba jarida, ba sarautar girmamawa irin wadda aka ba shi a 2017. Shawararmu ita ce a san ka tun ranar farko, tun ba a fara rabo da kai ba, don wanda ya karɓi na watan jiya ba shi da bakin ƙin na wannan wata. Ga shugabannin ƙungiyarmu da masu tsara jadawalin wasanni da tarurruka kuma, muna kira da su riƙa duba lokutan ibadar Musulmi da Kirista tun suna tsarawa, domin sau da yawa abin da ake kira rikicin addini ba komai ba ne illa lalacin wanda ya ƙi duba kalanda.

Akwai kuma labarin da ya kamata masu taurin aƙida a cikinmu su ji, don kada su ɗauka ƙi kaɗai shi ne addini. Eric Liddell ɗalibi ne a Jami'ar Edinburgh, ya yi wa Sikotland wasan rugbi sau 7 a 1922 da 1923. A Olamfik na Paris a 1924 ya bar tseren mita 100, wanda ya fi gwaninta a kai, don zagayen farko ya faɗo Lahadi. Tun watanni kafin nan ya san jadawalin, ya koma ya shirya wa mita 400, ya kuma ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6. Shekara guda bayan haka ya tafi ƙasar Sin aikin mishan. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi tare da sauran baƙi a sansanin Weihsien, inda ya zama mai koyar da yara da shirya musu wasanni, amma ban da Lahadi. Waɗanda suka zauna da shi sun ba da labari cewa wata Lahadi yaran suka shirya wasansu ba alƙali, abin ya ƙare da faɗa. Lahadin da ta biyo, sai ga mutumin da ya bar tseren duniya saboda wannan rana ya fito fili yana yi musu alƙalanci. Ya rasu a sansanin a watan Fabrairu 1945 sakamakon ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43, wata shida kafin a saki sauran.

Edita